Hoton 'Ya'yan Idi Tela

Ranar Juma'ar da ta wuce wani daga cikinku ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Ammu Haruna, ka huta haka nan mana. Hoton taron hafla ai ba wani aiki ba ne, kowa yana da wayar jawwal a aljihunsa." Ban tanka masa ba saboda akwai mutane a wurin. Amma tunda ku ne za ku karɓi aikin, kuma na ga kuna ɗaukarsa kamar shan shayi, gara in gaya muku abin da za ku karɓa.

Sana'ar da nake ci da ita gyaran mukayyif ce, na'urar sanyaya ɗaki, a ɗan shagona da ke unguwar Mansur a nan Makka. Hoto kuwa ban taɓa cin loma ɗaya daga gare shi ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗaukar haflar saukar Alƙur'ani, da wasan yara na salla, da ƙwallon unguwa, da suna, da buɗe-bakin jama'a a watan azumi, duk fi sabilillahi. Da yawanku kun girma ne a gaban kyamarata.

Gyaran mukayyif ne ya kai ni wurin wanda ya koya min. Sunansa Ammu Usman, Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka taso a ƙafa daga ƙasar Haɗeja za su hajji suka zauna a hanya, a can aka haife shi. Yana da wani siririn shago kusa da mai gasa burodin tamis, yana ɗaukar ƙananan hotunan da ake liƙawa a takardu. Na je masa gyara, na gama, na kasa tafiya, ina kallon yadda yake juya kan mutum da yatsa ɗaya. Washegari na koma ba tare da an kira ni ba. Ya dube ni ya miƙo min wani farin soso mai tauri, irin wanda ake naɗo sabon firji da shi, ya ce in riƙe a gefen fuskar mai ɗaukar hoto. Watanni na yi ina riƙe soson nan kafin ya bar ni na taɓa kyamara. In na karkatar da shi ba daidai ba sai ya kira ni da irin kiran 'yan Sudan ya ce, "Ya zol, hasken nake so a kumatunsa, ba a bango ba."

Babban abin da ya koya min shi ne, kyamarar nan ba don fatarmu aka ƙera ta ba. Ka tsayar da baƙin yaro cikin farar jallabiya a ranar Makka, kyamara za ta ga farin rigar ta firgita ta tsuke idonta, rigar ta fito tas, fuskar ta fito kamar gawayi, sai haƙora kawai. Dole ka ƙi bin shawararta, ka buɗe mata ido da hannunka saboda fuskar, ka bar rigar ta ƙone da haske. Uwa ba ta neman ɗinkin riga a hoto, idon ɗanta take nema. Jawwal ɗinku har yau yana wannan kuskuren, sai dai shi yana ɓoye laifinsa, ya shafe fuskar yaro ya mayar da ita kamar an shafa toka. Ku duba hotunan da kuka ɗauka a saukar bara ku gani.

Aikina na farko ni kaɗai wata sauka ce a saman bene a unguwar Misfala, tun gidajen nan na nan. Ammu Usman aka gayyata, da ya ji ba biya ya ce ƙafarsa na ciwo, ya ba ni tsohuwar kyamararsa da fim ya ce in je. Bayan la'asar ne, rana ta karkata amma farin bangon maƙwabta yana watso haske ta ko'ina. Yara suna zaune a kan tabarma, kowa da shahadarsa a hannu. Lokacin fim ba a dannawa barkatai, kowane danni kana jinsa a jikinka, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Na kwashe yaran na mayar da su inuwar tankin ruwa, iyaye suna ta gunaguni wai na ɓata tsari. Na durƙusa a kan simintin da ke ƙona gwiwa, don ba a ɗaukar yaro daga sama, sai ya fito da ƙaton kai kamar mai roƙo. Da aka wanko hotunan wurin wani Ba'indiye, na kai su gidan Alhaji Ɗanjuma, shugaban kwamitin jama'armu. Ya baza su a kan kafet ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Haruna, Allah ya saka da alheri. Daga yau kai ne mai hotonmu." Naɗin ke nan. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so, ba kuma wanda ya tambayi wa zai riƙa sayen fim.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne akwai dalilinsa. Batir guda biyu a naɗe cikin tawul, domin zafin garin nan yana shanye batir tun kafin a buɗe taro. Ƙyalle mai laushi, domin in ka fito daga ɗaki mai mukayyif zuwa tsakar gida idon kyamara sai ya yi gumi, ka ɗauki hoto ya fito kamar an ɗauka ta cikin koko. Ɗan farin kati da nake ɗaure wa fitilar kyamara da roba, in harba hasken sama ya bugi rufi ya sauko a hankali, maimakon in watsa wa yara shi a ido. A istiraha, wuraren hayar nan da muke yin taro, dogayen fitilunsu suna mayar da fuska kore-kore kamar ta mai zazzaɓi, dole ka san yadda za ka gyara tun kafin ka danna. Sai ɗan kujerar roba da nake hawa in an yi hoton gayya. Da aka bar fim aka koma memori na sayi wata kyamarar ta hannu, na sayi faifan ajiya na kwamfuta, da ya cika na ƙara wani.

Wani wasan ƙwallo a unguwar Ka'akiyya ya koya min yadda ake magana da yaran da aka haifa a nan. Ƙananan yara ne, filin ƙasa ne a bayan wasu gine-gine, an gama wasa an ce su taru da kofi. Na yi ta cewa ku dubo nan, ku matso, ba wanda ya kula ni, Hausar tana wucewa ta gefen kunnensu. Sai na juya Larabci, na karya shi da gangan yadda sababbin alhazai suke yi, na mayar da namiji mace. Gaba ɗayansu suka juyo suna dariya, na danna. Tun daga ranar suka sa min suna Ammu Sura, wato baffa mai hoto. Yaro ba ya ba ka fuskarsa sau biyu. Sai ka san wanda zai fashe da kuka in aka kira sunan wani a kyauta, da wanda zai ɓuya bayan yayansa, da wanda babansa bai zo ba yana ta waigen ƙofa. Wannan ka ɗauke shi da malaminsa, kada ya koma gida ba shi da hoto da babba.

Yara ba su taɓa gajiyar da ni ba. Manya ne. Akwai uwar da ta aiko mijinta ya tambaye ni me ya sa na baƙanta mata 'ya, alhali haka Allah ya halicci yarinyar. Akwai uban da ya ce in cire ɗan maƙwabcinsa daga hoto don sun yi faɗa. Akwai manyan baƙi da suke tsayawa a gaban yaro lokacin ba da kyauta, hoton ya fito babbar riga ce kawai da ɗan hannun yaro a gefe. Akwai ɗaliban ilimi da in na ɗaga kyamara sai su rufe fuska da rawani su ce haramun ne, in an watse su biyo ni waje su ce, "Malam, ko za ka ɗauke ni da shehi, zan aika gida." Kowa yana son nasa yau, ba gobe ba. In ka makara da kwana biyu sai a ce ka fara girman kai. Abinci kuwa, lokacin da ake cinsa shi ne lokacin da ake son a ga an ci, saboda haka kana tsaye. In ka sauke kyamara sai ka tarar da faranti ƙashi ne da ɓawon lemo.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a lasifika. Cikin jama'armu akwai masu igama, takardar zama, akwai waɗanda tasu ta mutu, akwai waɗanda ba su taɓa samu ba kuma a nan aka haife su. Mai hoto dole ya san wane ne wane ba tare da ya tambaya ba. In mutum ya ga ka ɗaga kyamara ya sunkuya kamar yana gyara takalmi, ka juya wani gefen, kada ka sa ya roƙe ka. Ƙa'idata ita ce, hoto daga hannuna sai hannun mai shi. Ina wankewa in sa a ambulan in kai gida. Ko da aka fara guruf-guruf a waya ban taɓa zuba hoton taro a ciki ba. Saboda wannan ne waɗanda suke sunkuyawa suka daina sunkuyawa a gabana.

Hoton da ya fi kowanne kyau a rayuwata na ɗauke shi ne a wasan ƙaramar salla, a wata istiraha a Ka'akiyya, kuma da shi muguwar shekarar ta fara. Idi Tela, mutumin ƙasar Gumel, yana ɗinki a wani ɗaki a bayan layinmu, ba shi da takarda. 'Ya'yansa biyu, Amina da ƙaninta Sadiƙu, sun zo da kayan da ya ɗinka musu da hannunsa. Zuwa yamma sun yi wasa a yashi, kayan sun yi futu-futu. Balan-balan ɗin Sadiƙu ya fashe, ya zauna a gefen farantin shinkafa yana kuka, Amina ta durƙusa tana share masa hawaye da gefen hijabinta, ita ma ƙwayar shinkafa a kumatunta. Ban kira su ba, ban gyara komai ba, na durƙusa na ɗauka. Da na kai wa Idi ya ce wannan ba zai aika gida ba, nasa ne. Kowace shekara yakan ba alhazai hotunan yaran su kai wa mahaifiyarsa a ƙauye, ba ta taɓa ganin jikokinta ba sai a takardun da nake wankewa.

Bayan salla da 'yan kwanaki Ustaz Nafi'u ya zo shagona. Shi ne sakataren kwamiti, ya gama karatunsa ya zauna, mutum ne mai taushin murya, surukin Alhaji Ɗanjuma ne kuma. Ya ce attajirin da ya biya kuɗin istiraha yana son ganin yadda aka yi da abin da ya bayar, in zuba masa hotunan duka a memori. Na ce masa ba na ba da hoton 'ya'yan mutane, in attajirin yana son gani ya zo in nuna masa a kwamfuta. Ya yi murmushi ya fita waje da wayarsa. Ba a jima ba tawa ta yi ƙara.

"Malam Haruna," in ji Alhaji, "me ya haɗa ka da Ustaz?"

Na gaya masa.

"Hotunan na jama'a ne ko naka? Mu muka sa ka. Ka ba shi, ni na ce. In mutumin nan ya janye hannu baɗi, kai za ka kama wa yara wuri?"

Na zuba na ba shi.

Bayan kamar wata ɗaya, ina kwance wani mukayyif da hantsi, Idi ya shigo. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗora wayarsa a kan murfin mukayyif ɗin ya danna. Bidiyo ne, an jera hotunana ɗaya bayan ɗaya, an sa wata murya mai ban tausayi a ƙasa. An zaɓi duk inda yaro ya yi datti, duk inda yara suka yi wa faranti rubdugu, duk inda wani ya miƙa hannu yana karɓar alawa. Hoton Amina da Sadiƙu shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. A ƙasansa an rubuta da Hausa cewa ga marayun Hausawa a Makka, ba uwa ba uba, a taimaka, sai lambar asusu.

"Malam Haruna," in ji Idi, "ni na mutu ne?"

Na ajiye abin da ke hannuna.

"A gida an yi zaman makokina," ya ce. "Wata yarinyar maƙwabta ta nuna wa Inna a waya, ta ce ba jikokinki ba ne waɗannan. Inna ta gane su. Wa ya sa ta san fuskarsu? Ta miƙe za ta kira ƙanena ta faɗi. Da na kira aka kara mata wayar a kunne, ina cewa Inna ni ne, ina raye. An ce hawaye kawai take yi. Bakin ya karkace, ɓari ɗaya ya shanye."

Na ce masa ba ni na yi ba, na gaya masa wanda na ba wa da wanda ya sa na bayar. Ya ɗauki wayarsa ya ce, "To," ya fita.

Ku da kuke da takarda ba za ku gane ba sai an faɗa muku. Idi ba zai sayi tikiti ya je ya duba uwarsa ya dawo ba. In ya fita ya fita ke nan, ga mata da yara a nan, ga keken ɗinkin da suke ci da shi. Kuma bidiyon bai tsaya a kan 'ya'yansa ba. A bayan yaran ana ganin fuskokin manya, irin waɗanda suka daina sunkuyawa a gabana. Cikin kwana kaɗan ya shiga kowace waya a unguwa. Wasu suka daina fita aiki, wani ya kwashe iyalinsa ya kai gidan ɗan'uwa a Jidda.

Aka kira taro a majalisin Alhaji bayan la'asar. Ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Na faɗi abin da ya faru daga farko. Ustaz Nafi'u ya ce shi ya miƙa memorin ga wani yaron attajirin, bai san inda ya bi ba daga nan, Allah ne masani. Wani ya tambayi asusun na wane ne, aka ce na can gida ne, sunan ba a san shi ba. Na ce a kira attajirin a tambaye shi ko ya taɓa neman hoto. Alhaji ya ce ba za a kai wa mutumin kirki wannan ƙazantar ba.

Sai Ustaz ya gyara zama ya ce, "Jama'a, mu duba asalin fitinar. Da ba a ɗauki hoton ba, me za a yaɗa? Tun tuni malamai suke jan kunne."

Daga can baya wani dattijo da nake ɗaukar jikokinsa tun suna goye ya ce, "Ni abin da nake son sani, me ya rage a gidansa? Fuskokinmu na shekara ashirin suna wurin mutum ɗaya. In aka shiga gidansa gobe fa?"

Daga nan maganar ta bar kan bidiyo ta dawo kaina. Na ce, "Alhaji, kai ka kira ni ka ce in bayar."

Ya ce, "Na ce ka bayar, ban ce a yi haka ba. Ba a tozarta mai ilimi a gaban jama'a a kan zato. Kai kuma ba wanda ya ce ka yi da gangan. Amma don hankalin mutane ya kwanta, duk abin da ke wurinka ka fito da shi a lalata, kyamarar kuma a ajiye ta tukuna."

Idi yana zaune kusa da ƙofa har aka tashi.

Washegari aka yi aikin a bayan shagona, Alhaji da mutum uku suna tsaye a matsayin shaidu. Na fito da kwalayen nagatif, baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, kowane ambulan da sunan taronsa. Har da na Ammu Usman da ya bar min da zai rasu, na mutanen Misfala tun kafin zuwana, don an ce su ma fuskoki ne. Aka zuba a rabin duro aka sa wuta. Fim ba ya ci kamar takarda, narkewa yake yi yana naɗewa, hayaƙinsa baƙi mai ɗaci, sai da mai baƙala, kantin da ke kusa da mu, ya rufe ƙofarsa. Faifan ajiya kuwa ya fi ƙarfin guduma, ana duka yana tsalle. Da injin huda bangon da nake aiki da shi na huda su, ɗaya bayan ɗaya, Alhaji yana taka min gefen da takalminsa kada ya juya. Aka share kwamfutar a gabansu. Sannan aka kawo Alƙur'ani na dafa na rantse ban rage komai ba, kuma ban rage ba.

Idi ya sayar da kekensa ya miƙa kansa ga hukuma aka mayar da shi gida. Kafin ya tafi ya tsaya a ƙofar shagona, bai shigo ba. Ya ce, "Na san ba kai ba ne, Malam Haruna. Amma in na ga fuskarka hoton nake gani." Na ji an ce ya tarar da ita da rai, ta gane shi, ta rasu bayan 'yan watanni ba ta sake magana ba. Matar da yaran suka bi shi daga baya. Amina da Sadiƙu ba su jin Hausa sosai lokacin, ban san yadda suka yi ba.

Shekarar nan aikin mukayyif ma ya ja baya, don mutum ba ya son shigar da wanda ake magana a kansa cikin gidansa. Yaran da suke rugowa suna Ammu Sura aka hana su. In sun hango ni sai su kalli iyayensu tukuna. Ustaz Nafi'u ya ci gaba da sakatarensa. Ban ce shi ya haɗa bidiyon ba, don ban gani ba. Abin da na sani shi ne hannu ɗaya na miƙa wa memorin, kuma ba a sake tambayarsa ba.

Bayan nan aka zo da rusau a ɓangaren unguwar, jama'a suka watse, wasu Ka'akiyya, wasu Jidda, wasu gida. Wajen kwashe kaya cikin gaggawa ambulan ɗin hotuna shi ne abin da ake mantawa a saman kwaba. Sai aka fara zuwa wurina ɗaya-ɗaya, ana rage murya. Wannan tana son hoton mijinta da ya rasu, wancan yana son na tsohon gidansu, wani yana neman na saukarsa zai nuna wa matar da ya aura. Kowa sai ya fara da cewa shi dama bai goyi bayan abin da aka yi ba. Har dattijon da ya yi magana daga baya ya aiko ɗansa. Amsa ɗaya nake ba su.

Alhaji Ɗanjuma shi ne na ƙarshe. Ya zo da sanda, ya rame. Ɗansa Bashir ya rasu a hatsarin mota a hanyar Jidda, na je gaisuwa lokacin, mun yi musabaha kawai. Na ba shi kujera, na aika aka kawo shayi. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya daɗe yana juya kofin.

"Hajiya ce ta matsa min," ya ce. "Hotunan Bashir na gidanmu sun ɓace wajen tashi. Wayarsa kuma ta farfashe a motar. 'Ya'yansa suna tambaya yaya babansu yake yana yaro. Na ce ko ka ɗan ajiye wani abu a gefe. Ba wanda zai ji."

Na ce, "Alhaji, kun ce in rantse, na rantse."

"Na sani. Amma mutum da aikinsa na shekaru, ai ba zai rasa ɓoye ko kaɗan ba."

"Ban ɓoye ba. Na Bashir suna cikin faifai na biyu da muka huda, na saukarsa kuma suna cikin duro."

Ya kalli ƙasa. Na ɗauka zai faɗi wani abu a kan ranar. Ya ajiye kofin ya dafa sandarsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Asabar akwai sauka a Ka'akiyya. Na waya da yaran nan suke ɗauka ba sa kyau. Ka zo da kyamararka."

Na je. Kada ku tambaye ni dalili, yaran da za su yi saukar ba su ƙona komai ba. Na sayi sabon batir don tsofaffin sun mutu a ajiye, na yi aikina daga farko har ƙarshe, ba wanda ya yi min maganar abin da ya wuce, kamar tafiya na yi na dawo. Da aka zo rufe taro mai lasifika ya karanto godiya. Aka gode wa attajirin da ya kama wuri, aka gode wa matan da suka yi girki, da wanda ya kawo ruwan sha, da wanda ya ara mana kafet. Sannan aka ce Ustaz Nafi'u ya rufe mana da addu'a. Ya miƙe ya ɗaga hannuwa, yara suna zagaye da shi da shahadunsu. Alhaji ya yafito ni daga inda yake zaune, ya nuna min shi da sandarsa, wai in ɗauka.

Na ɗauka. Hoton ya yi kyau. Bayan kwana biyu Ustaz ya aiko a gaya min in wanke masa babba, na ratayewa a bango.